Gurbin Numfashinka

Zuwa ga Damyan, mijina, sanyin idona, inuwar da nake fakewa, abokin zamana a gida da kuma a layin masu busa sarewa.

Ina gaishe ka daga Plovdiv, gaisuwar wadda ba ta san ko lafiyarta ƙalau ba. Ina ci, ina barci, ina zuwa gwajin kiɗa a kan lokaci. Da safe nakan sayi gurasar banitsa biyu wurin tsohuwar nan ta bakin gada, sai na iso gida nake tuna cewa baki ɗaya ne zai ci. Ba na kuka, Damyan. Na so in yi, abin ya ƙi. Tun da likitoci suka cire maka huhu ɗaya, ka tattara ka koma ƙauyenku a kan duwatsu, ka ce kada in biyo ka, na zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Ina taɓa kaina, ba na jin komai.

Jiya na sake bugo waya. Yayarka Ruzha ta ɗauka, ta ce, "Nevena ƙanwata, ya ce in gaya miki yana barci. Ga shi nan zaune yana hararata, mai taurin kan tsiya." Na jiyo tarinka daga nesa. Iyakar abin da na samu na muryarka ke nan tun bazara.

An dawo da simfoninmu, dogon kiɗan nan na taron makaɗa. Ka san wanda nake nufi, mai kashi na biyun nan da aka rubuta a re minor, murya mai duhu wadda ba ta kuka, tafiya kawai take kai a sunkuye. Ka tuna yadda marigayi Maestro Ganchev, jagoran makaɗanmu, yake jan sa? A hankali, a hankali, har kakan raɗa mini cewa tsohon nan zai aurar da jikokinsa kafin mu kai ƙarshen shafi. A tsakiyarsa ga doguwar busar nan ta sarewa, wadda a irin wannan jan ƙafa babu ƙirjin ɗan Adam da zai ɗauke ta shi kaɗai. Ni nake farawa. Idan iskata ta kusa ƙarewa, sai ka shigo ƙarƙashin sautina a ɓoye ka riƙe, ni kuma in saci numfashi in dawo. Shekara da shekaru mutanen garin nan suna tafa wa sarewa ɗaya, ba su san mu biyu ba ne. A daidai wurin nan na fara son ka, tun ba ka taɓa riƙe hannuna ba. Kakan ce, "Ke da huhunki na tsuntsu, ba don ni ba ai da an kwashe ki a sume." Ni kuma in ce, "Ji mugun baki. To wa ya roƙe ka?"

Sabon Maestro daga Sofia aka kawo shi, mutum mai wutar ciki. Ya ce ba dole ba ne baƙin ciki ya ja ƙafa ba, mai makoki ma yana da inda za shi. Ya ƙara wa kashin sauri. Duhun muryar yana nan, amma yanzu tafe take kamar mai gudun kada mota ta bar ta. A gwajin farko na busa dogon layin nan namu gaba ɗaya da numfashi guda, har da saura. Wadda aka zaunar a kujerarka ko sarewarta ba ta ɗaga ba. Abokan aiki suka yi ta goga ƙafa a ƙasa suna yaba mini. Maestro ya ce, "Kin gani ko? Ba ki bukatar kowa." Na ce na gode. Na shiga bayi na buɗe famfo, na daɗe ina kallon ruwan.

Ba abin da kake ta gaya mini ke nan ba? Cewa zan iya ni kaɗai, cewa rabin mutum ba ya riƙe mace, cewa in bar ka da tarinka? To, an gwada, kun yi gaskiya kai da shi. Zan iya.

Amma ji abin da ya faru ranar Juma'a, zaure cike maƙil. Na fara layin lafiya lau, ƙirjina cike da iska. Da na iso inda kake shigowa, sai leɓena ya saki sarewar da kansa. Ban yi niyya ba. Na ja numfashin da ba na bukata, na jira ka. Babu wanda ya riƙe sautin. Masu goge suna ta yi ƙasa-ƙasa, sandar Maestro ta tsaya a sama, rami ya buɗe a tsakiyar kiɗan, daidai faɗinka. A cikin ramin nan wani abu ya motsa a ƙirjina, ya yi zafi, sannan ya koma ya kwanta.

Da aka tashi Maestro ya tare ni. "Nevena, iskarki ce ta ƙare?" Na ce a'a. "To me kike jira?" Na mayar da sarewata cikin akwatinta. Ya ce idan ya sake faruwa zai ba wata layin. Zai sake faruwa, Damyan. Kunnena ya karɓi saurinsa, ƙirjina ya ƙi.

Ranar Lahadi zan hau motar safe. Ba busa nake so ka yi ba, ba kuma huhu na aura ba. Ruzha ta ce daga ƙofa zuwa rijiya sai ka tsaya ka huta. To sai me? Ni ai a hankali na saba. Kashin nan namu, duk duhunsa, yakan juya ya yi haske a sautin ƙarshe. Ba zan yi maka alkawarin haske ba, don ni ma ban gan shi ba. Abin da zan iya shi ne wanda ka koya mini: inda iskarka ta ƙare in shigo in riƙe, ba wanda zai sani.

Numfashin da ya rage maka kaɗan ne, masoyina. Kada ka ɓata shi wajen korata.

Taka, ko da sauri ko a hankali, har iskata ta ƙarshe,
Nevena