Kalma Ɗaya da Ta Rage wa Baba

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙafar taki, tana barinki ki taka? Yaya Anti da yaran? Mu nan asibiti muna godiya ga Ubangiji.

Mama, na zauna rubuta miki ne saboda abin da na gani da idona ranar Talata da safe, don na ji labarin ya riga ni isa gida a karkace. Na dawo daga ɗebo ruwan zafi, sai na tarar da Baba zaune a gado, bayansa a miƙe ba matashi, idonsa a rufe, hannun nan da ya shanye yana kwance a cinyarsa. Yana jan numfashi a hankali, in zai sake shi sai ya ce Yesu. A gadon da ke kusa da taga kuwa wani tsohon tela ne da ba addininmu ɗaya ba, wanda aka yi wa aiki a ƙugu, shi ma ido a rufe, yana jan carbinsa na katako, yana maimaita wata kalma tasa da ke fitowa daga ƙirji kamar ƙugin firiji. Haka matar fasto ta shigo ta same su. Ko kwanon da ta kawo ba ta buɗe ba, ta juya ta fita.

Yanzu Yaya ya buga waya yana faɗa, wai Baba ya shiga addinin baƙi, ni kuma ina tsaye kamar turke ina kallo. Ya ce ranar Asabar zai zo da mota ya ɗauke shi. Mama, saura mako uku malamar koyon magana ta gama da shi, kuma ta ce in aka yanke yanzu, abin da aka samu zai zube. Ke kaɗai Yaya yake jin maganarki.

Kin san karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma shekara tara ina gyaran fanka, kunnena ya saba rarrabe ƙarar da ta yi kama da wata. Ga abin da na lura. Tun da ciwon nan ya same shi, kalma ɗaya ta rage a bakin Baba, wato sunan Yesu. Mutumin da in ya fara addu'ar abinci sai miya ta yi sanyi, mu muna satar buɗe ido muna duba ko ya kusa amin! Da farko in ya nemi magana ta ƙi fita, sai ya fusata, ya doki ƙarfen gado, ya yi hawaye. Tela ne ya fara yi masa alama da hannu: ka zauna daidai, ka sauke kafaɗa, ka bi numfashinka. Ran nan har ya miƙo masa carbin, yana koya masa kalmar tasa. Baba ya karɓa, ya jujjuya shi, ya mayar masa cikin ladabi, ya girgiza kai, ya nuna ƙirjinsa. Tela ya yi dariya ya ce kowa da ma'auninsa, shi bai taɓa ɗinka wa mutum riga da awon wani ba. Zaman da numfashin Baba ya ɗauka, kalmar kuwa ya bar masa kayansa.

Kuma ba iri ɗaya suke yi ba. Tela kalmarsa a jere take tafiya, ba tsayawa, tana raguwa har ta ɓace, fuskarsa ta koma sumul. Na tambaye shi, ya ce shara yake yi, yana share ɗakin zuciyarsa har tsintsiyar ma ya ajiye. Baba kuwa in ya faɗi sunan sai ya dakata, ya ɗan karkata kai gefe. Kin san wannan karkata kan. Haka yake yi in ya ƙwanƙwasa ƙofarki yana jira ki amsa. Kira yake yi, Mama, kuma yana sauraron amsa.

Faston asibitin ma na tare shi a baranda. Ya ce tun zamanin da, akwai masu bi da suke zama shiru gaban Ubangiji da suna ɗaya a bakinsu, ba sabon abu ba ne. Ki faɗa wa Yaya wannan. In ya ƙi, ki roƙe shi abu ɗaya: ya zo da sassafe, ya gani kafin ya yanke hukunci.

Ki gaida kowa. Ki riƙa shan maganinki.

Ɗanki,
Auta

Zuwa ga Mama,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta gida duka, yau albishir nake ɗauke da shi.

Ban san me kika gaya wa Yaya ba, amma ƙarfe bakwai yau Asabar sai ga shi a ƙofar ɗaki, makullin mota a hannu, fuska a murtuke. Ya ce in haɗa kaya. Na ce to, na fara naɗe bargo, sai dai ban taɓa naɗe bargo a hankali irin na yau ba. Na naɗe, na warware, na ce ya karkace, na sake. Su Baba sun riga sun fara, ba wanda ya buɗe ido.

Yaya ya tsaya yana kaɗa makulli. Can sai na ji ƙarar makullin ta daina. Na saci kallo, na ga idonsa a kan Baba, daidai lokacin da Baba ya karkata kai yana jira. Ya san karkatawar nan kamar yadda muka santa.

Can suka gama. Sai Baba ya ja numfashi ya ce Yesu, bai tsaya nan ba, ya ƙara da na gode. Ya buɗe ido, ya ga Yaya, ya daɗe yana motsa leɓe, gumi na tsattsafo masa. Na ga Yaya zai taimake shi, na riƙe masa hannun riga. Sannan Baba ya kira shi Babban Mutum, sunan da yake tsokanarsa da shi tun yana rarrafe, ya ce masa zauna. Wata biyu da kwana shida, Mama, yau ne karo na farko da wata kalma daban ta fita bakinsa.

Yaya ya zauna a bakin gado, kan bargon da na sha wahalar naɗewa, ya kifa kai. Tela ya ce in wannan ne ɗan da ya zo raba shi da maƙwabcinsa, ai gara a ba shi hankici tukuna. Har Baba ya yi dariya da rabin bakinsa. Motar ta koma ba kowa a baya, kuma Yaya da kansa ya je ya gaida malamar, ya tambaye ta ranar da zai dawo ɗaukar Baba.

Ina alfahari da mahaifina. An karɓe masa duk dogayen addu'o'insa aka bar masa suna ɗaya, ya riƙe shi, bai musanya ba, bai kuma wulaƙanta maƙwabcin da ya koya masa zama ba. Gobe in kin je coci ki ɗaga kanki. In matar fasto ta ce Auta ne ya ƙara gishiri, ki ce ba ni kaɗai na ji ba. Nas mai gilashi tana wajen da tiren magani, mai goge ƙasa ya jingina sandarsa ya tsaya, Tela yana kan gadonsa, kuma babban ɗanki, wanda ya zo da mota, shi aka ce wa zauna.

Ki huta lafiya. Baba ya dafa takardar nan da hannunsa mai lafiya, gaisuwarsa ke nan.

Ɗanki,
Auta