Tabon da Ke Cikin Nafi'u, Askata Ce Ta Yi Shi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kwamitin da ya tantance matasan shiyyarmu masu neman shiga aikin soja a ɗaukar bana.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda addini ya hore mu da ita, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Ban san sunanka ba. Yaran da suka je sun ce dai kai ne hafsan da ke zagaya layi da 'yar sanda a hammata da jan biro a aljihu. Shi ya sa na rubuta wannan wasiƙa a fili inda kowa zai karanta, in ba ta same ka ba ta sami wanda zai miƙa maka.

Sunana Garba Wanzam, daga Unguwar Gai a ƙasar Kibiya. Wanzanci na gada, ubana wanzami ne, kakana ma haka. Ni ne mahaifin Nafi'u, wanda ka fitar daga layi ranar Talatar duba lafiya, ka rubuta a bayan fom ɗinsa da jan biro cewa yana ɗauke da zanen ƙungiyar asiri. Wannan zanen da ka gani ni na yi shi, da hannuna na dama, da askar da har yau take cikin zabirata. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba. In ka ji harshena ya yi kaifi, sandarka ce ta wasa shi.

Na ɗaya, ga abin da ya faru, kamar yadda Nafi'u ya faɗa mini, kuma samari biyu 'yan Dawaki da ke bayansa a layi suka maimaita mini ba tare da sun saɓa ba. Ya wuce gwajin gudu cikin na gaba-gaba. An auna tsayinsa da faɗin ƙirjinsa, sun kai. An duba takardar sakandarensa da ta shaidar dagaci da hakimi, babu gyara. Sai aka ce kowa ya tuɓe riga. Kafin likita ya iso kansa kai ka iso, ka sa bakin sandarka a ƙasan haƙarƙarinsa na hagu, inda wasu ƙananan tabo baƙaƙe suka jeru layi uku, ka tambaye shi wace ƙungiya ce. Ya ce maka ɓalli-ɓalli ne, tsagar magani ce da aka yi masa yana jariri, ubansa wanzami ne. Ka yi dariya, ka ce duk haka suke cewa. Ka juya shi ya fuskanci sauran, ka ce su kalli irin waɗanda ba a so a cikin kaki. Sannan ka sa shi tsallen kwaɗo har bakin ƙofa, rigarsa a hannu. Likita yana tsaye taku kaɗan daga inda kake. Ba ka kira shi ba. Haba, ranka ya daɗe! Ko akuya za ka saya a kasuwar Rano ai ka tsaya ka ji bayanin mai ita.

Na biyu, ga asalin tabon, tunda ba ka ba shi damar faɗa ba. Nafi'u bai kai yaye ba lokacin. Tsakiyar damina ce, zazzaɓi ya kama shi, saifarsa ta kumbura, cikin ya yi tauri har yana ƙyalli. Shekara guda kafin nan irin wannan ciwon ya ɗauke yayansa, muna ji muna gani. Rafi ya cika ya yanke hanya, ba mota ba babur, asibiti mafi kusa kuma yana can ƙetare. A gidanmu akwai al'ada: ba ma sa wa ɗan cikinmu aska, don hannun uba yana rawa. Wani wanzamin ake kira. Na aika a kira mini abokin sana'ata na Rurum, ruwa ya hana ɗan aiken wucewa. Kwana biyu ina jira, yaron ya daina kama nono. Da safiyar kwana na uku na karya al'adar gidanmu. Mahaifiyarsa Hajara ta riƙe shi a cinyarta, ta juya fuskarta ga bango don kada ta gani. Na yi masa layi uku, tsaga bakwai-bakwai, na shafa garin magani da aka kwaɓa da baƙin tukunya, shi ya sa tabon ya zauna baƙi. In ka ƙirga su yau za ka sami ashirin da ɗaya. Na ƙarshe a layin ƙasa ya karkace, don a nan ne hannuna ya yi rawa. Wannan ita ce ƙungiyar asirin taka: ni, da Hajara, da jariri mai numfashi sama-sama.

Na uku, kada ka ɗauka sana'ata nake karewa. Ko askar ce ta tashe shi, ko kwanansa ne ke gaba, Allah ne masani. Yau shekaru da yawa ke nan duk wadda ta kawo mini ɗa da kumburin ciki, asibiti nake tura ta, har wasu matan suna cewa Garba ya zama ma'aikacin lafiya ba albashi. Aski da ƙaho da kaciya su suka rage mini. Amma jahilcin da ake zargin mu da shi a ƙauye, na ga wanda ya fi shi a cikin kaki mai guga. Mu wanzamai mun san bambancin tsagar gado da ke nuna gidan da mutum ya fito, da jarfa da ake yi don ado, da ɓalli-ɓalli da ake yi don ciwo. Yarinyar da ke tallan gyaɗa a garinmu ta san wannan bambancin. Kai da aka damƙa wa makomar 'ya'yan mutane ba ka sani ba, kuma ba ka tambaya ba. Rashin sani ba laifi ba ne, girman kan da ya hana tambaya shi ne laifi. In ka bi gonakin Rano da Kibiya lokacin noma ka dubi cikin samarin da suka tuɓe riga, za ka gaji da ƙirga masu irin wannan tabo. Duk 'yan asiri ne? To ashe ƙasar tamu ta daɗe da lalacewa ba mu sani ba.

Na huɗu, akwai wani dattijo a unguwarmu, Baba Mamman, tsohon soja. Fuskarsa cike take da tsagar gado tun daga gefen ido har haɓa, cikinsa kuwa ubana ne ya yi masa ɓalli-ɓalli. Da wannan fuskar da wannan cikin ya shiga soja, ya je fagen daga, ya dawo da ƙafa ɗaya tana ja. Ba wanda ya ce masa ɗan asiri lokacin da ake neman wanda zai tsaya gaban harsashi. Shi ne ya cusa wa Nafi'u son aikin. Shi ya koya masa tsayuwa da sarawa da yadda ake ninke riga. Ni da farko ban so ba, na so Nafi'u ya karɓi zabira kamar yadda na karɓa. Ya ce mini shi ba zai iya riƙe kan mutane yana sauraron hirarsu har ya tsufa ba, yana so ya tsare ƙasa. Na yi fushi na wata guda, sannan na sa masa albarka. Shekara uku yana tashi bayan sallar asuba ya yi gudu har Kibiya ya dawo, kafin ya ɗauki fartanya. Shekarar farko ƙirjinsa bai kai ba. Ta biyu sunansa bai fito ba. Bana ce ta ƙarshe, don baɗi shekarunsa sun haura iyakar da kuka gindaya. Da aka gaya wa Baba Mamman abin da ka yi, sai ya ɗaga rigarsa a gaban jama'a, ya ce to a zo a karɓe lambar yabon da aka ba shi a soja, tunda shi ma ɗan ƙungiyar ne.

Na biyar, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. Magana zarar bunu ce, ranka ya daɗe. Kai ka faɗe ta ka wuce na gaba a layi, wataƙila ma ka manta fuskarsa kafin azahar. Mu ta riga Nafi'u isowa gida. Mota ɗaya suka shigo da sauran samarin, kafin ya sauka labari ya kai majalisa. Waɗanda suka san gaskiya suna yi masa tsiya da ita, suna kiransa Ɗan Asiri suna dariya. Waɗanda ba su sani ba suna cewa ai hukuma ba za ta faɗa haka kawai ba. Har limaminmu, mutumin da ni nake yi masa aski duk Juma'a, ya ja ni gefe yana tambayata a hankali ko yaron ya yi wasu abokai a birni. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yanzu Nafi'u da riga yake noma, maɓalli har wuya, komai zafin rana. Da a kwano ɗaya muke cin tuwo, yanzu sai na tashi yake zama. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan na sallami na ƙarshe cikin masu aski, ya shigo zaure, ya ɗauko zabirata ya ajiye a gabana, ya ɗaga rigarsa. Ya ce tunda hannuna ne ya sa masa, hannuna ya cire masa. Ya ce in feɗe fatar wurin gaba ɗaya, zai daure, don ya ji an ce tabon rauni ba ya hana a ɗauki mutum. Ba da tsawa ya faɗa ba, da ladabi ya faɗa, yana kirana Baba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Shekara arba'in ina riƙe da aska, ranar na kasa buɗe zabira. Na ce masa aska tana yin tsaga, ba ta goge ta. Ya sauke rigarsa, ya ce to ya ji an ce ruwan batir yana yi. Washegari ni da furfurata na bi masu cajin batir da masu gyaran babur na garinmu ɗaya bayan ɗaya, ina roƙonsu don Allah kada su ba shi ko ɗigo. Hajara kuwa ko banɗaki ya daɗe a ciki sai ta je ta tsaya a bakin ƙofa tana kiran sunansa. Abin da jan bironka ya jawo mana ke nan.

Saboda haka ina neman abu huɗu, kuma ba alfarma nake roƙo ba.

Ɗaya, a sake kiran Nafi'u kafin a rufe jerin sunayen ƙarshe, likita ya duba tabon, ba mai sanda ba. In likita ya sami wata cuta a jikinsa da ta hana shi aikin, na yarda, zan riƙo hannunsa mu dawo gona.

Biyu, a soke wannan ƙazamar kalma daga fom ɗinsa, a aiko wa dagacinmu takarda ya karanta a ƙofar masallaci. A fili aka ɓata shi, a fili za a wanke shi.

Uku, duk inda za ku je tantance 'ya'yan mutane, ku sa wanda ya san mutanen wurin a cikinku. In kun rasa, ku kira wanzami, kowane gari akwai shi.

Huɗu, in dokarku da gaske ta hana ɗaukar mai tsagar magani, ku rubuta haka ɓaro-ɓaro a sanarwarku, 'ya'yan talakawa su daina kashe ƙafafunsu shekara uku a kan titi.

In kuma har yanzu kana ganin laifi ne aka yi, to mai laifin ba ya ɓuya. Nafi'u bai san an yi ba, ko magana bai fara ba. Ka sa ranar da kake so, zan zo ƙofar barikinku da shi da zabirata. Zan miƙa maka askar, ka ɗora bakinta a kan tabon ɗaya bayan ɗaya har ashirin da ɗaya, ka ga ko akwai wanda bai yi daidai da ita ba. In tsallen kwaɗo ne hukuncin, ni ya kamata in yi, kuma zan yi shi da gwiwoyin nan nawa har bakin ƙofa, ka mayar da ɗana layi.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka girma, ya haɗa maka shi da sani. Allah ya tsare ka a fagen aiki, ya mayar da kai gida lafiya. Allah ya raya maka 'ya'yanka, kada ya sa ka a halin da za ka zaɓa tsakanin yanka ɗanka da binne shi. Kuma Allah kada ya nuna maka ranar da ɗan da ka ceto zai riƙa kallon hannunka yadda Nafi'u yake kallon nawa.

Wassalam.

Garba Wanzam,
Unguwar Gai, ƙasar Kibiya.