Kukan Feda a Waƙa ta Huɗu

Quimper, Alhamis. Aikin farko: fiyanon makarantar 'yan mata, ƙarfe takwas. Na daidaita shi.

Maryvonne, hasken safiyata, furen tuffa bayan yayyafi, ke da muryarki ke shigowa a hankali kamar cikar teku har ta rufe mutum bai ankara ba,

Sau uku na fara wasiƙar nan ina yagewa. Wannan zan aika, ko ta yi ko ba ta yi ba.

Garin nan ya cika da ke. Na shiga gidan burodi, ke ce a rediyo. 'Yan matan makarantar sun yanke gashi irin naki. Faifanki ya ƙare a kanti har sau biyu. Jiya Madam Tanguy mai gidan kofi ta ce mini, "Corentin, ɗana, yarinyarka ta zama ta Faransa duka, kai kana nan da tsohuwar jakarka kamar mai gyaran famfo." Na yi dariya a gabanta. A hanyar gida ban yi ba.

Kin tuna ranar da aka ɗauki faifan a Rennes, ana ruwa, kina sanye da rigar sanyina? Kwana biyu na yi ina daidaita fiyanon da za a buga miki, waya bayan waya, amma na manta ban sa wa fedarsa mai ba. A waƙa ta huɗu, daidai inda kike jan numfashi, sai ta yi ɗan kuka siriri, kamar tsuntsun teku daga nesa. Na ji kamar in nutse don kunya. Ke kuwa kika waiwayo, kika yi mini murmushi, kika ci gaba, murmushin ya zauna cikin muryarki har ƙarshen baitin. Tun da kika tafi, nan nake mayar da allurar garmaho kullum, don nan kaɗai nake samunmu tare.

Yanzu kin rubuto cewa kamfanin zai sake ɗaukar waƙar a Paris, a kawar da kukan. Kin kuma ce in zo, ba ziyara ba, zama. Kwana tara ina juya maganar. Shekarata arba'in da biyu, furfura ta kama ni, ban iya magana cikin taro ba. Me teku za ta yi da ɗigon raɓa? Idan kika gan ni tsakanin fitilun Paris kika ji kunyata fa?

Amma yau da safe na saurari waƙar, sai na ga abin da nake yi: na zaɓi zama cikin faifai don tsoron zama kusa da ke. Su kawar da kukan idan sun so. Ina zuwa ranar Asabar.

Naki, muddin teku na cika tana janyewa,
Corentin

Gobe:
Fiyanon coci, wayoyi biyu sun rage.
Kai kwat wurin tela.
Roƙon Madam Tanguy ta riƙe kyanwata.
Tikitin Paris, na zuwa kaɗai, ban da dawowa. In faɗa da sauri, kafin mai sayarwa ya tambaye ni ko na tabbata.