Ƙashin da Kika Rataya Min

Zuwa ga Ramatu, a Kwatano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Saƙonki na murya ya iso, na saurare shi sau uku. Kin ce 'yarki Nana tana hannun kakarta a Guéné, an sa ta a ajin da nake koyarwa, yara sun sa ta gaba don ba ta jin Dandanci, in kula miki da ita saboda zumunci. Na kasa amsawa a waya, shi ya sa na rubuta a nan shafina na intanet, inda na san kina leƙowa.

Zumunci, Ramatu? Bari in tuna miki.

Muna aji huɗu a Malanville, benci ɗaya. Da rana kwano ɗaya muke ci a gidanmu, Inna tana cire miki ƙayar kifi kafin ta cire min. Kin tuna sambol? Ƙashin jakin nan mai igiya. Duk wanda aka ji yana magana ba da Faransanci ba, shi ake rataya wa, shi ma ya shiga farautar wani. Wanda aka tashi yana wuyansa ya sha bulala, kuma da shi zai tafi gida.

Ranar nan a wuyanki yake. Inna tana kwance a asibiti, ban faɗa wa kowa ba sai ke. Ana dab da tashi kika matso, kika dafa kafaɗata, kika ce da Hausa, "Balkisa, yaya jikin Inna?" Na ce, "Wallahi ko tashi ba ta iyawa." Ban rufe baki ba kika ɗaga hannu kina kiran malam.

Bulalar ba ta dame ni ba. Yara suka bi ni tun daga ƙofar makaranta har wajen masu loda albasa, suna tafi suna kirana Mai Ƙashi. Na waiga, sai ga ki a cikinsu kina dariya. Sunan bai sake ni ba har na gama firamare.

A asibiti na ɓoye ƙashin cikin hijabi. Inna ta jawo ni jikinta, hannunta ya taɓa shi. Ba ta tambayi wanda ya rataya min ba. Cewa ta yi, "Ina ɗiyata Ramatu? Ta ci abinci kuwa?" Na ce kin ci.

Ga abin da ya fi ci min rai. Washegari na sami wata yarinya 'yar Garou, wadda kwalekwalen babanta ya kife. Na dafa kafaɗarta, na tambaye ta ko an ga babanta. Ta amsa ba da Faransanci ba, na rataya mata. Bayan hutu ba ta dawo ba. Wannan laifina ne, hannuna ya yi, kuma ita ce dalilin da ba a rataya wa kowa komai a ajina. Amma a wurinki na koyi cewa ana tambayar mutum ciwonsa don a kama shi. Na yi shekaru in an ce min yaya gida, sai na duba hannun mai tambaya.

Saƙonki mai tsawo ne, amma ko kalma ɗaya babu a kan ranar. Ko kin manta ne? Ni dai har yau yana min ciwo, kuma ba zan ce miki na yafe ba alhali ban kai nan ba.

Nana kuwa, na gan ta. Tana zama ita kaɗai a gindin dalbejiya lokacin fita, tana da irin goshinki. Zan tsaya mata, ba don ke ba. Gobe zan zauna kusa da ita, in dafa kafaɗarta, in tambaye ta da Hausa yaya mamarta, kuma hannuna ba komai.

Allah ya raya ta, ya haɗa ta da ƙawa ta gari. Allah ya haɗa ni da 'yar Garou in nemi gafararta. Allah ya jiƙan Inna, wadda ta rasu tana kiranki ɗiyarta.

Wadda kika sani da Mai Ƙashi,
Balkisa