Kan Desmond a Saman Ƙofata

Gida mai lamba 14,
Layin Marlpit,
Unguwar Harrowfield,
Yorkshire, Ingila.
9 ga Oktoba, 2018.

Zuwa ga:
Mista Alistair Pennycook,
Babban Jami'in Kula da Tsofaffin Gine-gine,
Unguwar Harrowfield.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: KAN DUTSEN DA AKA ƊORA MINI A SAMAN ƘOFA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni Maureen Thackray, mazauniyar wannan layi tun haihuwa, ina gabatar da kokena kamar haka:

1. An gina layinmu a 1874, zamanin Sarauniya Victoria, domin akawunan masaƙa, kuma kowane gida na da kan mutum na dutse a saman ƙofa. Na gidana, hayaƙin gawayi da ruwan sama sun cinye shi tun kafin a haife ni, ya koma kamar dafaffen dankali. Bai taɓa tsare mini komai ba.

2. Ranar 5 ga Maris ofishinka ya umarce ni da in sabunta shi, tare da cewa masassaƙin dutse ɗaya tak kuka amince da shi, wato Desmond Illingworth. Na sanar da ku cewa mutumin nan tsohon mijina ne, kuma da ƙyar kotu ta ɓamɓare mini shi daga gidan. Aka amsa mini cewa aure ba ya cikin hurumin ofishin.

3. Ya yi aikinsa a bayan tamfol. Ranar 21 ga Yuni aka yaye, a gabanka, har ka tafa ka ce ga fuskar dattijon mutanen da. Ranka ya daɗe, Desmond ne. Kunnuwansa ne, wushiryarsa ce, har da murmushin nan da yake yi in ya dawo daga mashaya ya ce aiki ne ya riƙe shi. Gashi kawai ya ƙara wa kansa, abin da rabonsa da shi tun ranar aurenmu.

4. Tun daga ranar na zama abin nishaɗin layi. Maƙwabciyata Beryl ba ta wucewa sai ta ɗaga kai ta ce, "Desmond, yau ma a waje ka kwana?" Ƙungiyar tarihin unguwa kuma tana tsayar da baƙi a ƙofata, tana gaya musu wai kan wani attajiri ne mai ciyar da marayu. Mutumin da ko kyanwar gida bai taɓa ciyarwa ba!

5. Akwai maganar aure tsakanina da Mista Clive Ormerod, tsohon direban bas, mutumin kirki. Ya rantse ba zai sunkuya ƙarƙashin Desmond ya shiga gidana ba. Yanzu ta lungun baya yake zuwa, tsakanin kwandunan shara, da furanni a hannu. Makon jiya ya ce mini in dai kan nan na nan, a ɗage bikin Disamba. Shekarata sittin da ɗaya, ranka ya daɗe. Ba ni da Disamba da yawa na ɗagewa.

6. Ranar 3 ga Satumba na nemi izinin sauke shi, aka ce ya shiga cikin kayan tarihi masu kariya. Na rataya masa tukunyar fure, jami'inku ya sa na cire. Na tare Desmond a kasuwa, ya ce, "Maureen, daga ciki kika kore ni. Waje kuma na hukuma ne."

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi, da a ba ni izinin sauke kan nan kafin 30 ga Nuwamba. Idan hakan ta gagara, ina sanar da ofishinka tun yanzu cewa sanyin bana zai yi tsanani, a ƙofata musamman, kuma hancin dutse ba ya jure sanyi. Mista Ormerod yana da tsani.

Ka huta lafiya cikin girma.

Taka mai biyayya,
Maureen Thackray (ba Illingworth ba)