Saura Tsirkiya Biyu a Jitar Tobenna

Adda Liyatu, ki taimake ni da shawara, don abin da ke damuna ina jin nauyin kai shi gaban malami.

Na haura hamsin, a unguwar Demsawo ta Yola nake zaune, kuma ni ba mai sauraron kiɗa ba ce. Duk da haka akwai jita rataye a bayan ƙofar ɗakina. Ta Tobenna ce, ɗan maƙwabciyata Ebelechukwu. Yana karatu a Mubi lokacin da 'yan ta'adda suka ci garin, tun ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba, babu gawa, babu saƙo. Da mijinta ya rasu, za ta koma garinsu a kudu, sai ta kawo mini jitar. Ta ce in yaron ya dawo ya tarar da baƙi a gidansu, ƙofata zai ƙwanƙwasa, don a tsakar gidana ya koyi cin tuwo. Ta roƙe ni kada kowa ya taɓa ta, ya same ta yadda ya bar ta. Na karɓi amana.

Tsirkiya shida na karɓe ta da su. Wata rana ina lazimi bayan la'asar, mafi siranta ta tsinke da kanta, da wata ƙara kamar an kira suna daga nesa. Haka suka riƙa bin juna, shekara bayan shekara. Yanzu saura biyu masu kauri, sun yi tsatsa, wuyan jitar kuma ya fara lanƙwasa.

Abin kunyar shi ne zuciyata ta ɗaura ran yaron a jikinsu. Na san camfi ne, na yi istigfari ba adadi, amma in iska ta buga ƙofa suka yi gunji, sai gabana ya faɗi. Na daina kiran uwarsa, don ban san da wace murya zan gaishe ta ba.

'Yata Zulfa ta nuna hoton jitar ga Chiemela, mai sayar da kayan kiɗa a kasuwar Jimeta. Ya ce masu kaurin ne ke jan wuyan, a cire su a sa sirara tun bai lalace ba. To, wannan ba cin amana ba ne? Kuma in na sa aka kwance biyun nan, sannan mummunan labari ya iso, ina zan sa kaina?

Mai riƙon amana, Demsawo.

'Yar'uwa mai riƙon amana,

Tsatsar damina da zafin Yola ne ke cin tsirkiyoyin nan. Ran Tobenna yana hannun Wanda ya halicce shi, ke ma kin sani, shi ya sa kike istigfari. Ban san ko yana raye ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Abin da na sani, biyun nan za su tsinke, ko bana ko baɗi, kuma in kika zauna jira, ranar za ta same ki ke kaɗai a ɗaki.

Kina da gaskiya wajen alkawari: kada a taɓa komai sai mai kaya ta yarda. Amma amana jitar ce, ba tsatsarta ba. Saboda haka ki kira Maman Tobenna cikin makon nan. Shirunki ya fi kowace tsirkiya tsorata ta.

Chiemela ma yana da gaskiya, sai dai ki san abin da za a rasa. Sirara ba su kai masu kauri amo ba, muryarsu ta fi siranta, ba za ta yi daidai da wadda uwar ta saba ji ta katanga ba. Amma ba sa wahalar da wuya, musamman in ya ɗan sassauta su. Shi zai kwance tsofaffin, ba ke ba. Ki naɗe su ki aika mata.

In ta yi gardama, ki gaya mata wannan: yatsun da suka shekara fiye da goma ba su taɓa jita ba, kantarsu ta gushe, masu kauri yanka su za su yi. Sirara ake sa wa wanda ake jira.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya sa ki ji an ƙwanƙwasa ƙofar nan da alheri.

Adda Liyatu