Saƙon da ya nutse a wayar Madam Rabi

Zuwa ga Maigirma Ansifekta, mai duba makarantun karkararmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ɗiya ga ubanta, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ina gajiya, ina damana?

Sunana Ramatu, shekarata goma sha huɗu. Bana na ƙare ajin ƙarshe na firamare a ƙauyenmu, nan cikin duwatsun Adar, amma ban rubuta jarrabawa ba. Mu tara ne a haka. Ran da ka zo lakwal ɗinmu, wato makarantarmu, ka tambaya ko akwai mai magana, ni ce na sunne kai a bencin baya. Yanzu kuwa na ji ka sa hannu a ɗauke Madam Rabi daga garinmu, wai sakacinta ne ya jawo mana. Wannan ba zan iya haɗiye shi ba. A gidanmu aka ba Madam ɗaki, don haka abin da zan faɗa idona ne ya gani.

Na ɗaya. Garinmu babu rezo, waya ba ta kamawa sai an hau dutsen bayan gari. Kowace safiya Madam tana hawansa da waya a hannu, mu kuwa muna aji muna jira. Da ta kai sama sai wayar ta yi ta kuka kamar ƴan tsaki sun ga tsaba. Zaurukan waya bakwai aka sa ta, abin da suke kira gurup: naku na ofis, na mai ba malamai shawara, na direktoci, na abincin yara, na lafiya, da biyu na masu taimako da ban san ko su wa ba ne. A mako guda an sa ta ƙirga bencinan da suka karye, ta ɗauki hoton makewayi, ta rubuta sunayenmu sau uku domin kowane gurup da irin layin da yake so. Kowane saƙo an rubuta masa gaggawa. Ranka ya daɗe, idan kowa a kasuwa yana ihun gobara, ina mai guga ɗaya za ta fara zuba ruwa?

Na biyu, kuma nan ne ciwon. Ku kuka kafa doka cewa duk saƙon da ya fito daga ofis, kowane malami ya amsa da "an karɓa" kafin azahar, wanda bai amsa ba a kira sunansa a gaban kowa. An taɓa kiran sunan Madam. Ta sauko daga dutse ranar ba ta ko taɓa furar da Inna ta dama mata ba. Tun daga nan ta koyi abin da sauran malamai suka koya: a fara amsawa, a karanta daga baya. Saƙo ɗaya, amsa hamsin a kansa. Ga masu barka da Juma'a, ga hoton furanni, ga ta'aziyya, ga masu amin.

Mu tara ɗin nan a ɗakin iyayenmu aka haife mu, ba a asibiti ba, ba mu da takardar haihuwa, kuma in babu ita ba a rubuta sunan yaro a jarrabawa. Madam ta yi watanni tana tambaya yaushe masu yin takardar za su zo. Sanarwar ta zo ran wata Juma'a, a matsayin hoton takarda, wai malamai su je da yara hedkwatar kwamin, wato ƙaramar hukumarmu, ran Litinin. Hoton ya ƙi buɗewa, yana ta juyi, rana ta take, mu arba'in muna aji babu mai kula da mu. Ta rubuta "an karɓa" ta sauko. Washegari da ta koma, saƙonni sun haura ɗari biyu a kansa, wayar kuma ta cika, sai da ta share hotuna kafin ta iya aika lissafin buhunan shinkafar da aka ce lallai ranar ake so. Sanarwarmu ta bi furanni. Ba mu ji labari ba sai da wani direba ya tambayi Baba a kasuwa me ya hana yaran garinmu zuwa.

Na uku. A takardarka an ce hujja ita ce Madam ta rubuta "an karɓa". Wa ya koya mata rubuta shi ido rufe? Kun san lambarta. Kun san garinmu ne ya fi kowa yaran da ba su da takarda, domin ita ta aika muku sunayen, sau uku. Da kuka ga Litinin ta yi ba ko ɗayanmu, babu wanda ya ɗaga waya? Da an gaya wa mai babur ɗaya, da an bai wa maigari ya sa an yi shela, da ƙafa ma za mu je. Kakata ta ce a zamaninsu takarda ɗaya ke zuwa a wata, amma gari duka sai ya ji abin da ke cikinta.

Ban ce Madam ba ta yi kuskure ba. Ita da kanta ta bi gidajen tara, ta durƙusa gaban iyayenmu tana kuka. Daga ofishinku ba mu ga ko inuwar mutum ba sai da aka zo neman mai laifi.

Baba ya so in bar lakwal in shiga aikin albasa a fadama. Madam ta zauna da shi har sau uku, ya yarda in maimaita ajin, amma ya ce shekara ɗaya ce, kuma sai in ita ce za ta karantar da ni, domin ita ya sani. Iyayen sauran ma haka suka ce. In kun ɗauke ta, ba ita kaɗai kuka kora ba.

Don haka ina roƙo, da girman Allah:

A janye takardar ɗauke Madam Rabi.

A kawo masu takardar haihuwa tun farkon shekara, a sanar da maigari baki da baki.

A bar gurup ɗaya tak na ofis, wanda ba mai rubutu a cikinsa sai ku, a kai gaisuwa da furanni wani wuri. Abin da ya shafi makomar yaro kuwa a kira malami a ji muryarsa.

A daina tilasta wa malamai amsa abin da ba su karanta ba.

In na yi rashin kunya a gafarce ni, ban taɓa rubuta wa babba wasiƙa ba. Allah ya ja kwana, ya raya maka zuri'a, ya ba ka ikon yin adalci ga na ƙasa da kai. Gero ya fara nuna, buɗe lakwal ya matso. Ranar, mu tara za mu zo da sassafe mu zauna, mu ga wa zai shigo ajin. In ba ita ba ce, a gida za a karɓe mana kaye, littattafan rubutunmu, karatunmu ya ƙare ke nan.

Wassalam.

Ɗiyarka,
Ramatu